Marsandin Masta Nortey da Ragunan Sallah

Nyanshegu, Tamale
Satumba, 1984

Zuwa ga Yayana Issahaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can Libiya, Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan kowa lafiya. Damina ta yi kyau bana, masara ta fara shigowa kasuwa, yunwar bara sai labari. Mahaifiyarmu Mma tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta garau yake.

Na san labari zai riga takardata isa, domin mutanen Tamale ba su iya riƙe magana ba. To gaskiya ne, ni Mutaru mai kwanuka na rufe rumfata na yi hutun Babbar Sallah, kuma a Marsandi na kai Mma filin Idi. Rabonta da Idi tun kafin ka tafi, kullum tana cewa sai dai ta ji kabbara daga tsakar gida. Akwai wani ɗan kwangila mutumin Ankara, babban birnin ƙasarmu, yana zaune a unguwar Jisonayili, Masta Nortey, da aiki ya tsaya masa yake ba da motarsa haya ga masu biki. Baƙa ce, tana sheƙi har mutum ya gyara hularsa a jikin ƙofa. Ya ce zai ba ni, amma in bar masa babur ɗina, in ya ga ko ƙarzanen farce a jikinta babur ya zama nasa. Ka san da babur ɗin nan nake kai kaya kasuwannin ƙauye. Matata Safiatu ta ce na haukace, na ce mata ta je ta goge mayafinta. Man fetur kuwa kada ka tambaye ni inda na samo, wanda ya daɗe a kasuwa ba ya bin layi.

Tuƙi a Tamale ranar Sallah ba aikin mai gaggawa ba ne. Kekuna kamar tururuwa, kowanne da mutum biyu da tabarma. Ban taɓa oda ba ko sau ɗaya, don na san mai keke in ya firgita kanka yake faɗowa. Sai na laɓe bayan wata tarakta da ta ɗebo mutanen Dungu, tana buɗe hanya ina bin ta a hankali kamar mai rakiyar amarya. Mma kuwa na sa ta gaba da carbinta. A zamanin nan duk wanda aka gani cikin babbar mota sai a ce ɗan kalabule ne, mai ɓoye kaya yana cin ƙazamar riba, amma wa zai faɗa wa tsohuwa mai carbi haka? Masu shirin zagi sai suka koma gaisuwa.

Wurin ajiye mota ne ya kusa ci na. Inuwa duk kekuna sun cinye, sai wani fili a gefe kusa da masu sayar da ragunan da suka yi kwantai. Ina fitowa na ga wani ƙaton rago ya ƙura wa ƙofar baya ido, yana ja da baya a hankali. Na taɓa yin asarar babban faranti a rumfata ta haka: rago ya ga kansa a ciki, ya ɗauka abokin faɗa ne. Yaya, motar nan gaba ɗayanta faranti ce, kuma raguna sun kewaye ta. Na shiga tsakaninsu da babbar rigata, na ce wa Safiatu da ƙanwarmu Adijatu kowacce ta ba ni zanen da ta zo da shi na shimfiɗa. Na rataya su suka rufe ƙofofi uku, na murɗa gilashi ya kama bakinsu. Saura ƙofa ɗaya, sai Mma ta miƙo sabuwar atamfar da ka aiko mata, ta ce a ƙasa ma Allah Yana karɓar salla. Masu raguna suna ta dariya, wai Alhaji ya ɗaura wa motarsa zane.

Aka idar da salla lafiya, ni a sahun ƙarshe, Mma a zaune a ƙasa jikin mota. Ana cikin huɗuba iska ta ɗaga gefen atamfa, ragon nan ya sake ganin abokin gabarsa, ya fizge igiya ya taho. Kafin in miƙe Mma ta sakar masa sandarta a hanci. Ya kauce, ƙahonsa ya ɗebi atamfa ya keta ta, fenti kuwa ko iskarsa bai sha ba. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Kai da ko azahar ba za ka kai ba."

Washegari na mayar da mota. Masta Nortey ya zagaya ta da farin hankici, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya rasa abin faɗa sai cewa tana ƙanshin man kaɗe. Ya miƙo mini makullin babur, ya tambaya yadda na yi, don shi raguna sun taɓa lotsa masa ƙofa bai san dalili ba. Na ce masa sirrin kasuwa ne.

Kada ka wahalar da kanka neman wata atamfa. Safiatu ta ɗauko allura, Mma ta hana. Ta ninke ta a saman akwati, duk baƙon da ya zo gaisuwa sai ta warware masa ya ga wurin ƙahon.

Mma tana sa maka albarka. Safiatu da Adijatu da Baba Adisa suna gaishe ka. Ka miƙa gaisuwata ga matarka Alimatu da ɗiyarmu Abibatu. Allah Ya dawo mana da ku lafiya.

Ƙaninka,
Mutaru