Gonar Fadama Ta Sila Ce

Da sunan Allah. Ni Haladu, mazaunin Zuru, na rubuta wannan da hankalina cikakke. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da ni, bai taɓa kaina ba. Usaini, Raudatu, Mubarak, ku karanta tare, Sila ɗan riƙona yana zaune.

Na ɗaya. Gida da shanu da gonar tudu, a raba muku yadda shari'a ta ce. Kada a danne rabon Raudatu don tana aure a Ribah.

Na biyu. Gonar fadama ba ta cikin gado. Tun bara na ba Sila ita kyauta a gaban liman da mai unguwa, ya karɓa, ya noma.

Na san ɗan riƙo ba ya gado, balle wanda coci yake zuwa. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba, shi ya sa na bayar tun ina numfashi. Amma Usaini, ranar sunan ɗan Mubarak na ji ka ta bayan zana kana cewa in na mutu za a ga wanda ya haifi Sila. Ka ɗauka kunnena ya mutu. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

To, Abel ne ya haife shi. Tare muka yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. A daminar ƙarshe maciji ya sare ni. Da ciyawa ta cinye gonar kakanku, da an hana ni uwarku. Abel kan gama nasa kunyoyin ya kama nawa, har aka girbe. Da gumin uban Sila aka auro wadda ta haife ku. Da ya rasu, ita ta goya Sila da zanen da ta goya ka.

Na uku. Ɗakinsa na gefen rijiya nasa ne har ya gina wani. Kada a hana shi cocinsa.

Na huɗu. Gabar nan ta ƙare. Usaini, kai ne babba, kai za ka fara gaishe shi.

Ba na tsoron kabari kamar yadda nake tsoron ku kai shi kotu bayana. Allah ya yi muku albarka ku huɗu, ya haɗa kanku, ya raya zuriyarku. Ranar zaman makokina, ku shimfiɗa wa Sila tabarma a cikinku, inda 'ya'yan mamaci ke zama, mutane su yi masa ta'aziyya. Ubansa ne ya rasu.