Tob ɗin Matata Ya Zama Shaidar Laifi

Zuwa ga shugaban kwamitin yaƙi da fataucin mutane na wannan yanki namu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Isiyaku Balarabe, direban lori, haifaffen Gadarif. Na yi furfura ina jigilar leburori da dawa tsakanin gari da gonakin Doka. Na rubuto a fili ne don sau uku ina zuwa ofishinka, kullum a ce kana taro da baƙi daga ƙasashen waje.

Na ɗaya. A farkon yankan riɗin bana, da hantsi, wasu mata biyu 'yan Habasha suka faɗo kambonmu, wato bukkokin leburori a cikin gona. Ƙafafunsu duk ƙaya, tufafinsu sun yayyage har namiji ba ya iya ɗaga ido ya dube su. Wani lebura mai jin yarensu ya gaya mana cewa masu safarar mutane ne suka tsare su a daji, suka samu suka gudo. Matata Hauwa, mai dafa abincin kambon, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta buɗe akwati ta ciro tob biyu, wato mayafin matan Sudan, ta lulluɓe su, har da wanda take ajiye wa idi. Ni kuma na ce sai mu kai su ga hukuma. Bayan lorin cike yake da maza, don haka na ɗaura tamfol na ware musu wuri, yadda muke yi wa kowace mace.

Na biyu. A shingen binciken da ke bakin gari, da kaina na tsaya, na sauko zan yi bayani. Ban gama buɗe baki ba aka ɗaga tamfol. Abin da aka rubuta shi ne na sa wa baƙi kayan matan Sudan don ɓad da kama, na kuma ɓoye su. Suturar da muka yi musu ita ce laifina.

Na uku. An ba da belina, amma an riƙe lorin, an hana ni fita Gadarif, kuma kowace safiya sai na je na sa hannu. Kwana arba'in ke nan. Aka yanke riɗi, aka fara dawa, ina zaune a ƙofar gida kamar mai takaba. Wanda ya yi mana tafinta ya ji an kama ni, ya tsallaka iyaka ta Gallabat bai waiwayo ba. Shaidar Hauwa an ce ba ta karɓuwa tunda matata ce. Saura matan nan biyu, kuma an kai su sansani wajen Shuwak ba tare da an tambaye su wa ya cuce su, wa ya taimake su ba. Yanzu na ji za a mayar da su ƙasarsu bisa yarjejeniyar da aka ƙulla. In suka tafi, babu sauran mai wanke ni.

Ranka ya daɗe, ina jin rediyo, na san an haɗa kai da maƙwabta da Turawa, an kawo motoci, an horar da jami'ai. Ban ƙi ba, don na ga ƙafafun matan nan da idona. Sai dai waɗanda suka tsare su ba sa bin kwalta, balle su tsaya a shinge. Ni da na tsaya, ni aka samu. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ina jin tsoro.

Roƙona guda biyu ne. A saurari matan nan a gaban alƙali, da tafinta, kafin a tsallakar da su. Sannan a nuna wa jami'anku yadda za su bambanta mai sayar da mutum da wanda ya tsince shi. Ban yi nadamar ɗaukar su ba. Amma direbobin hanyar Doka duk sun zuba ido, kuma abin da kuka yi da ni shi zai gaya musu ko su taka birki in wata ta sake fitowa daga daji.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam,
Isiyaku Balarabe, Gadarif.