Ramin da Baba Ya Gane

Rikkos, Litinin

Yaya Zubair,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya iyali? Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun direba.

Na ga jerin sunayen da masanan nan za su gode wa, na 'yan sa-kai masu duba musu hotunan duniyar Mars. An ce kai ka gano ramin da ƙasa ta rufta. Kai ɗin? A gabana ka yi masa alamar ramin faɗowar dutse daga sama, kamar sauran. Baba ne ya leƙo kwamfutarka ya ce sam, wannan bakinsa bai tashi ba, daga ciki ƙasa ta zube. Shekara arba'in yana haƙar kuza, ba a taɓa rubuta sunansa ko a jikin shebur ba. Yanzu kuma ɗansa ne zai danne shi? Ran Juma'a za su rufe gyara. Ka rubuta musu.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Murjanatu

Bukuru, Laraba

Murjanatu,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, har da rashin kunyar da ke ciki.

Ni na yi rajista a shafinsu na intanet, ni na duba hoto sama da dubu uku, kuma da wannan shaidar nake neman gurbin ƙaro karatu. Baba fa bai san me ake kira Mars ba. Ya ɗauka tsohon ramin kuza ne na nan Filato. Me suna zai ƙara masa? Kada ki tayar masa da hankali.

Wassalam.
Zubair Ibrahima

Rikkos, Asabar

Yaya,

Salam. Juma'a ta wuce, ba ka rubuta ba.

Gaskiyarka, ya ɗauka a nan ne. Ashe tun ranar yake damuwa a je a kewaye ramin kafin shanun mutane su faɗa. Na yi masa bayani, na karanta masa takardarka ba tare da na tsallake komai ba. Sai ya tambayi yadda aka rubuta sunanka. Na faɗa masa.

Ya ce, "Zubair Ibrahima? To ai ina ciki. Ki ƙyale shi."

Yana ta nuna wa maƙwabta jerin. Shi ya yafe maka. Ni ban yafe ba.

Sai wata rana.
Murjanatu