Layin da Ka Soke

Zuwa ga mijin Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da shagonka. Na san shi dai lafiya lau yake, ba ya zubar da jini.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda. Auta tana ɗakin kulawa ta musamman, leda uku na jini aka ƙara mata, ɗaya nawa ne. Jaririyar tana hannuna.

Ungozoma ta faɗa mini komai. Da jini ya ɓalle bayan haihuwa, an miƙa maka takardar kayan da ake haɗa wa mace gaba ɗaya: ledar auna jini, ƙarin ruwa, allurar ɗaure mahaifa, allurar tsayar da jini. Kuɗinsu ɗaya, tare ake ba da su. Kai kuwa ka jingina da tagar biyan kuɗi kamar ka je sarin kayan babur, ka zaro jan biro ka soke allura ta biyu, wai allura biyu aiki ɗaya cuta ce. Rabin awa kana ciniki. Abin da ka rage bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ma'aikatan asibitin ma ban yafe musu ba, da suka tsaya jiran rasit. Amma su ba su aure ta ba. Na tsane ka, kuma ba na jin kunyar rubuta shi.

Wassalam,
Yayar matarka

Zuwa ga mijin Auta,

Ina gaisuwa, don haka aka tarbiyyantar da ni. Ya kasuwa?

Auta ta farfaɗo. An cire mahaifar, daga wannan yarinyar babu wata. Kuɗin aikin ya ninka na allurar sau talatin, kuma an ce wannan ba a ragi, kada ka wahalar da bironka.

Tana buɗe ido kai ta fara tambaya, ko ka ci abinci. Don tausayinta na yi ƙarya, na ce kana ta fafutukar neman jini. Jiya ina wanke kwanuka ta jawo jakata tana neman zani, takardar kayan nan, da ungozoma ta ba ni, ta faɗo. Ta daɗe tana kallon jan layin nan. Shekara shida tana taya ka lissafin shago, ta san hannunka.

Yau aka sallame ta. Na tambaye ta ko in kira ka, ta ce a kira mai tasi. Gidanmu muka wuce.

Wassalam,
Yayar Auta