Ɗiyata ta ce sai na kira sunanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, murya na aiko don ban yi boko ba, ka rubuta yadda na faɗa, ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni tsohuwa ce a Ƙofar Rini. Zamanin soja, shekarun da kuɗin mai sunka zubo, maigidana na tuƙin tifa ana ta shimfiɗa kwalta, na haifi ɗiyata ta fari, anka sa mata sunan uwar mijina. Kun ji kunya biyu a kan mutum guda, ɗiyar fari ce, kuma sunan surukata ne. Ban taɓa kiran sunan nan ba. Da anka yaye ta, yayar mijina ta ɗauke ta riƙo zuwa Wamakko, na shiga madafa na yi kukana na ce hayaƙi ne. Tana shekara tara mai riƙon ta rasu, anka maido min ita tana kallona kamar baƙuwa.

Yau ta haura hamsin, aure uku duk sun mutu, tana ɗakina. Da safe kai ne hasken idonta, zanen jikinta ma sai ta ba ka, kafin la'asar ka zama maƙiyi don ka yi jinkirin amsa mata sallama. In na tafi biki sai ta ce na gudu na bar ta. Sau biyu tana ji wa kanta ciwo. Dangi sunka ce iskoki ne, munka yi ruƙiyya har munka gaji, sai maƙwabciyarmu, wata malamar asibiti Kirista, ta kai mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce cuta ce, wai bodalain. Ni boda guda na sani, ta Illela. Ya ce tsoron a yar da ita ke cin ta, maganin kuma zama ne a yi magana duk mako. Ya gargaɗe mu, a tausaya mata, amma kada a biye wa barazana.

Wata huɗu tana zuwa, har sauƙi ya fara. Juma'ar da ta wuce ana sunan jikata, gida cike, na ce mata "ke, miƙo min buta". Sai ta dire tiren tuwo, ta ce gaban kowa wai ƙannenta bakwai ina kiransu da suna, akuyar gidan ma tana da suna, ita kaɗai ce "ke". Ta rantse ba ta ƙara taka asibiti sai na kira sunanta gaban waɗanda sunka ji.

Ni za a tsayar tsakar gida a ce ban son ɗiyata? Wa ya tambaye ni ranar da anka ɗauke ta? Waɗanda sunka koya min kunyar duk sun mutu, sun bar ni da laifin. Ƙannen mijina kuma wai in na kira na tozarta uwarsu a kabari, su ɗin da ko sau guda ba su raka ta asibiti ba. 'Ya'yana na cewa "Inna, kalma guda ce fa." Na rufe ɗaki na gwada ni kaɗai, wallahi harshena ya ƙi.

Talata ce ranar likita. In na kira, na koya mata cewa barazana tana ci, gobe ban san me za ta nema ba. In na ƙi ta daina zuwa, ban da tabbacin za ta tashi daga ciwo na uku.

Ku da kunka yi karatu, ku gaya min, in buɗe bakina kafin Talata, ko in riƙe kunyata har in ji sunan a bakin mai shelar jana'iza?