Surukina da motar amana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin, don Allah a sakaya sunana. 'Yan uwa na wannan zaure, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanina, ni da ajami na tashi, rubutun waya da girmana na koye shi, ban iya gajarta magana ba.

A shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da mutane ke wuni a ƙofar banki su koma gida hannu biyu, a shekarar ce mutanen ƙauyen su matata suka watse saboda rashin tsaro. Ƙauyen yana can gaba da Maska. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, dattijo ne manomi, matarsa ta rasu, ɗansa namiji ɗaya ne kuma yana Kudu a ɗakin haya. Ba shi da inda ya fi kusa sai gidana a nan gefen Funtuwa. Da ƙyar aka shawo kansa ya zo. Kun san yadda abin yake a wurinmu, dattijo ya zauna a gidan mijin 'yarsa yana cin tuwonsa, nauyi ne babba. Na gyara masa shagon da ke jikin zaure, ƙofarsa daban, don kada mu riƙa haɗuwa a hanya. Duk da haka kwanon da aka kai masa haka yake dawowa, sai gefe ɗaya da ya ɗan taɓa. Mutumin da ya saba fita gona tun kafin rana ta fito, ga shi zaune a kan buzu daga asuba har magariba, yana jan carbi yana ramewa muna kallo. Kullum tambayarsa ɗaya ce ga duk wanda ya zo daga can, ko an fara komawa.

Bara da kaka sai wani aminina, zan kira shi Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne, ya kawo mini motarsa ajiya. Baƙa ce wuluk, mai kyau, ya ce zai yi zama a Kudu wajen harkarsa, kuma a wannan zamani shiga hanya da irinta jawo ido ne, gara ta zauna a rumfar kwanon da ke ƙofar gidana. Ya ce idan ya dawo sayar da ita zai yi ya aurar da 'yarsa, kuma darajarta duk tana ga fentinta, don na asali ne, ba a taɓa yi mata feshi ba. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya. Ya ce in na samu hali in sa a wanke ta da ruwa lokaci-lokaci, amma tsakanin wanki da wanki ko ƙura ta rufe ta kada in bari a goge ta da busasshen tsumma, saboda ƙurar unguwarmu jar ƙasa ce mai yashi, ga manyan motoci suna wucewa kasuwa, ga injin casar masara a bayanmu. Ya ce tsumma yana jan yashin ne a kan fenti yana karce shi. Ko dai a kaɗe da abu mai laushi sama-sama, ko a bar ta da ƙurarta. Na ce na ji, na karɓi amana da sunan Allah.

Ba a yi mako ba na dawo daga masallaci da safe na tarar motar tana ƙyalli. Baba ne tsaye a gefenta da wata tsohuwar rigarsa ta gona, yana bi lungu-lungu yana dirzawa da ƙarfinsa na manomi, har da hura mata iska da baki a wajen madubi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba, na wuce ciki. A ranar, matata ta fito da kwanonsa ta nuna mini, babu ko loma, har ya aiko a ƙaro miya.

Tun daga ranar ya zama aikinsa. Da safe ya goge, in la'asar ta yi ƙurar masu lodi ta sauka ya sake gogewa. Yana korar awaki, yana hana mutane jingina. Jikinsa ya dawo, muryarsa ta buɗe, har ya fara zama da dattawan unguwa a gindin dalbejiya. Ni kuma duk safiya ina jin ƙarar tsumman nan a kan bodin mota kamar a bayana ake dirzawa.

Na ce wa matata ta yi masa magana, ta ce in rufa mata asiri. Ita ce 'yarsa ta fari, tunda aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan, ita ma ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta ina za ta fara ce masa aikinsa ɓarna ne? Muka ɗan sami saɓani a kan haka, na ce mahaifinta ne, ta ce ai amanar tawa ce, ta ƙara da cewa in na fi son fentin mota a kan ran tsoho in faɗa mata. Ban ji daɗin maganar ba, amma ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan.

Na bi ta dabara. Na sayo tawul mai laushi irin wanda masu wankin mota ke amfani da shi, na ba ta ta kai masa. Ya juya shi, ya yaba, ya sa albarka, ya ce wannan ya fi ƙarfin ƙura, ya naɗe littafin addu'o'insa a ciki, ya ci gaba da rigarsa ta gona. Na sayo tampol na rufe motar. Sai aikin ya ƙaru, ya yaye tampol ɗin yana jansa a kan fenti, ya kakkaɓe, ya goge motar, ya mayar ya ɗaure da igiya fiye da yadda na ɗaure. Na fara sa mai ruwa ya riƙa watsa mata ruwa da sassafe, Baba ya aiko a faɗa mini almubazzaranci ne, ruwan da ake saye da kuɗi, ga shi yana nan zai yi ba da ko ɗigo ba.

Na je wurin limaminmu, sa'an Baba ne, na roƙe shi ya faɗa masa cikin hikima. Liman ya je suka daɗe suna hira, ya fito ya same ni yana murmushi, ya ce, "Malam, ni kam ban iya ba. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya kai ni in ga fuskata a jikin motar. Ya ce amanar gidan nan amanarsa ce. Ka nemi wani mai ƙarfin zuciya, ni tawa ta tsufa."

Daga ƙarshe na tuƙa motar na kai gidan wani maƙwabci mai gareji, na sa aka ce wa Baba za a duba mata batir. Kwana biyu ba ya cin abinci. A rana ta uku matata ta shigo tana kuka, ta ce ya ɗaure kayansa, yana tambayar masu babur nawa ake kai mutum Maska, wai zai je ya ga ko ɗakinsa yana tsaye. 'Yan uwa, can ɗin ba wurin komawa ba ne, har yanzu ba kowa. Kafin azahar na dawo da motar rumfarta. Ya kwance kayansa, ya ɗauko rigar.

A waccan fitar ce na biya da ita wurin wani mai fenti ya duba mini. Ya tsayar da ita a rana, ya ce in sunkuyo in kalla ta gefe. Duk saman bonet da ƙofofi zane ne zagaye-zagaye kamar yanar gizo-gizo. Ya ce in an tsaya yanzu folish, wato gogewa da man ƙyalli, zai ɓatar da mafi yawa, in an ci gaba sai feshi, kuma da an yi feshi duk dillali zai gane, farashi ya faɗi. Ya tambaye ni wane mugu ne yake yi mata haka, na ce ba mugu ba ne.

Alhaji yana kirana a waya, da barkwancinsa yakan ce, "Ina amaryata, tana shan inuwa?" Ni kuma in ce tana nan lafiya. Duk lokacin da na faɗa sai na yi istigfari, don injinta lafiya, amma na san ba shi yake tambaya ba. Kuma na san halinsa, mutumin kirki ne mai alheri, sai dai bakinsa ba ya jira. In ya zo ya gani, a nan ƙofar gida zai ɗaga murya ya ce wa ya yi wannan aika-aika, Baba kuwa yana zaune taku kaɗan daga wurin, kuma shi zai fara miƙewa da fara'a ya ce shi ne.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya faru ranar Juma'ar nan. Na yi niyya, na yi addu'a, na fito da safe zan faɗa masa da bakina ko me zai faru. Na durƙusa na gaishe shi. Kafin in fara sai ya ajiye rigar a kan bonet, ya ce in tsaya. Tunda na auri 'yarsa bai taɓa yi mini doguwar magana ba sai ranar. Ya ce, "Malam, tunda na zo gidan nan tuwonka a wuyana yake tsayawa. Ba ni da gona a nan, ba ni da akuya, ban san da me zan saka maka ba. Sai Allah ya kawo wannan. Yanzu in na ci yana wucewa."

Na ce, "Baba, ai ba ni binka komai."

Ya ce, "Kai ba ka bi, ni na san ana bina. Amma yanzu ina jin na biya. In da saura ka yafe."

Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Ya ce to alhamdu lillahi, mun yi daidai ke nan. Ya ɗauki rigarsa ya ci gaba da gogewa, rana ta fito ta haske bonet ɗin, ina durƙushe ina kallon zanen nan ɗaya bayan ɗaya, na tashi na shiga gida ban faɗi abin da ya fito da ni ba.

Jiya Alhaji ya kira, ya ce da an gama shigar da masara zai zo tare da mai saye.

To 'yan uwa, me zan yi? In faɗa wa Baba cewa abin da ya biya ni da shi ɓarna ce, ya ɗaure kayansa ya nufi inda ba kowa? Ko in kira Alhaji tun yanzu in gaya masa na tsaya ina kallo aka lalata masa abin da zai aurar da 'yarsa da shi, in roƙe shi ya riƙe bakinsa a gaban tsohon? In ya ƙi fa? Kuma malamai na wannan zaure, ku faɗa mini tsakani da Allah, shirun da nake yi cin amana ne ko girmama na gaba? Duk wanda ya taɓa zama da surukinsa, ko ya san hanyar da za a raba dattijo da tsumma ba tare da an raba shi da mutuncinsa ba, don Allah ya taimaka mini. Yanzu haka da nake rubutun nan la'asar ta yi, ina jin sa a waje ya fara.

Allah ya saka muku da alheri.