Takardar da Kaka Ya Manna a Jikin Kabad

Calumet, Michigan
24 ga Nuwamba

Zuwa ga Innata Rhonda,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya ke da mutanen gidanki. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya kiyaye ku da zafin Arizona, ko da yake mu nan da za ki aiko mana da rabinsa a kwali da mun karɓa hannu bibbiyu. Dusar ƙanƙara ta sauka tun farkon wata, yanzu ta kusa shafe katangar bayan gida. Mama tana nan lafiya, sai gajiyar aiki a kantin magani. Kawu Curt ya harbo barewarsa tun ranar da aka buɗe farauta, kuma duk wanda ya haɗu da shi sai ya ji labarin tun daga farko. Ranar ajinmu mu shida ne kawai muka zo, malamin ya ce kowa ya yi abin da ya ga dama, na zauna kusa da taga na cinye littafi guda. Ki yi haƙuri da na rubuto maimakon in kira. Kin san ni a waya, daga "lafiya lau" sai in rasa ta cewa, kuma abin da ke bakina ba ya faɗuwa a tsaye.

Maganar Kaka Toivo ce. Na san Mama tana ba ki labari, amma rabi take ba ki don kada hankalinki ya tashi. Mantuwarsa ta ƙaru sosai tun bazara. Wata rana ya san ni, wata rana ya kira ni da sunan Mama, wata rana kuma ya yi mini ladabi kamar baƙuwa har ya ja mini kujera. Kullum in na taso daga makaranta nakan biya in zauna da shi har Mama ta tashi daga aiki, ina karanta masa littattafaina na soyayya. Yakan ce duk mazan ciki ragwaye ne, wai namiji ya kwashe shafi ɗari uku bai iya buɗe baki ya ce yana son mace ba, shi da ya nemi marigayiya Kaka a bakin coci cikin minti biyar. Amma in na tsaya sai ya ce, "Uwar littattafai, ci gaba mana, ya sumbace ta ko kuwa har yanzu yana kallon teku?"

Da safe kuwa nas ce ke zuwa, sunanta Yolanda, ta ba shi magani ta yi masa wanka ta haɗa abinci. Farkon watan nan ta gaya wa Mama cewa wurin aikinsu ba sa yarda ma'aikaci ya shiga gidan mai irin wannan ciwo matuƙar akwai bindiga a hannunsa, kuma sun ba mu zuwa ƙarshen wata. In Yolanda ta daina zuwa, Mama ba za ta iya barin aiki ba, sai dai a kai shi gidan tsofaffi a Marquette, tafiyar awa biyu. Ke kin san Kaka, in aka raba shi da gidan nan da ɗakin wankan tururin da ya gina da hannunsa, ba zai ga bazara ba. Sauran bindigogin Kawu ya daɗe da lallaɓawa ya kwashe. Saura guda, ta farautar nan da ya gada wurin babansa, wadda ke cikin kabad ɗin falo. Ɓoye harsasai kuma bai yi amfani ba, don shekara sittin yana zuba su ko'ina. Mun samu a aljihun riga, a gwangwanin kofi, har cikin takalmin sanyi.

Inna, na gaji da jin muryar Mama da ta Kawu. Mama ta ce za ta bi dokar nan da ta ba dangi damar roƙon alƙali ya sa 'yan sanda su zo su karɓe. Kawu ya buga tebur ya ce sai dai a bi ta kansa, wai mutumin da bai taɓa taka doka ba za a turo masa 'yan sanda kamar ɓarawo, tsarin mulkin ƙasa ya ba shi 'yancin riƙe bindigarsa kuma bai ga inda aka rubuta ban da tsoho ba. Mama ta ce masa, "To sannu lauya, tsarin mulkin ne zai zo ya yi masa wanka?" Shi kuma ya ce ai dama tun da ta yi shekara huɗu a birni ta dawo da tsoron bindiga kamar akuya ta ga wuƙa. Ta ce gara ita, shi da yake barci da tasa kamar amarya. Daga nan sai su bar maganar Kaka gaba ɗaya su koma kan zaɓe da 'yan majalisa da abin da aka faɗa a talabijin, ni ina tsakiya ina yanka dankali. A littattafaina in mutum biyu suna irin wannan faɗa, na san a ƙarshe za su rungumi juna. Waɗannan tun suna yara suke yi, ke shaida ce.

Sai Kawu ya kawo dabara. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe kamar ƙusa a cikin bindiga, shi ke dukan gindin harsashi in an ja kunama, in babu shi bindiga ta zama sanda. Ya faki idon Kaka ya cire shi ya mayar da ita kabad, ya ce shi ke nan, tsoho ya riƙe abarsa, nas ta yi aikinta, ba alƙali ba ɗan sanda. Har Mama ba ta yi musu ba, wanda a wurinta yabo ne. Abin da su biyun suka manta, Kaka yana warware bindigar nan duk Lahadi bayan coci ya goge ta da mai. Mutumin da bai san ko ya ci abincin rana ba, yana zare ƙarfen bayanta ya juya shi a hannu sau ɗaya ya ce an taɓa ta. Bai zargi kowa a cikinmu ba, da ma hakan ya yi. Ya ɗauka wani ne ke shigowa gidan yana shirya masa mugunta. Ya jawo kujera ya tokare ƙofa, ranar Litinin Yolanda ta yi ta ƙwanƙwasawa yana ce mata ya gane ta, ita aka aiko. Ta koma mota tana kuka. Da yamma na ga takardun kotu a kan teburin Mama, ta cike rabi.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kwanan nan. Tun watan Oktoba, wata Laraba, na shiga gidan Kaka ta ƙofar baya, na ja hular sanyi har gira saboda iska. Ina ɗagowa na gan shi tsaye a kicin, bindiga a kafaɗa, bakinta daidai ƙirjina. Ya ce, "Kai wane ne? Me ka zo ɗauka?" Inna, na sha karanta yadda zuciya ke tsayawa, ashe ba tsayawa take ba, kunnuwa ne ke cika da ƙara. Na kasa cewa ni ce. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ɗaga hannu a hankali na zare hular, gashina ya zubo. Sai ya sauke ta, ya jingina ta da firiji, ya ce na makara, kofi ya huce. Na zauna na karanta masa babi biyu. Na yi shiru da maganar don na san ranar da Mama ta ji, ranar za a sa shi a mota zuwa Marquette. Sati biyar ina riƙe da ita a ciki, har na zo ina sauraron su suna gardamar abin da ka iya faruwa, alhali ya riga ya faru.

Ranar Talata na je, ya buɗe mini don ya gane ni. Ranar kansa a sarari yake, har ya tambayi jarrabawata. Na buɗe littafi na kasa karanta layi ɗaya, sai na rufe na gaya masa. Na faɗa ina kallon tabarmar ƙasa, don ba zan iya kallon fuskarsa ba. Na gaya masa Kawu ne ya cire ƙarfen, ba wani maƙiyi, sannan na gaya masa na ranar Laraba. Sai ya tambaye ni ko yatsansa yana kan kunama, na ce ban duba ba. Na ce wataƙila ma ba harsashi a ciki, don in sauƙaƙa masa. Ya ce kada in yi masa ƙarya irin ta mutanen littafina, in dai ya ɗauke ta ya kai kafaɗa to akwai.

Kin tuna dokarsa? Duk wanda ya nuna wa mutum bindiga a gidan nan, ko babu komai a ciki, ko da wasa, ya rabu da ita. Mama ta ce Kawu yana shekara goma sha uku ya nuna miki tasa yana dariya, Kaka ya karɓe ta bai ƙara ganin ta ba sai da shekara ta zagayo. To ranar Kaka ya miƙe da kansa, ya ɗauko bindigar ya naɗe ta a bargo, ya ce in kira masa Curt. Da Kawu ya zo ya fara cewa, "Baba, ba wanda ya isa ya tilasta maka, haƙƙinka ne," Kaka ya ce, "Rufe mini baki, ɗan nema. Ni na kafa dokar, kai ka fi kowa sanin ta. Ɗauki ka kulle a naka akwatin." Sannan ya ce in kawo takarda da biro, don ya san gobe ba zai tuna ba, kuma ba ya yarda da rubutun kowa sai nasa. Ya rubuta layi uku. Ni Toivo na ba Curt bindiga da hannuna. Ba wanda ya ƙwace. Na nuna wa yarinya ita. Ya manna a jikin kabad.

A jikin takardar nan Mama ta karanta abin da ya same ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ta fita ta zauna a mota kusan awa guda. Kawu kuwa ya ɗauki bindigar ya tafi ya kulle ta. Na ɗauka an gama, amma kwana biyu kawai suka huta. Yanzu Kawu yana cewa kun gani, ba a buƙaci wata doka ba, mutum ya yi hukuncin kansa. Mama tana cewa sa'a ce kawai ta sa ba gawa aka ɗauka a kicin ba, kuma ba a gina ƙasa a kan sa'a. Ni dai in sun fara sai in ɗauki littafina in hau sama.

Yolanda ta dawo aiki, an fasa maganar Marquette, takardun kotu suna cikin aljihun tebur. Sai dai kullum da safe Kaka yana zuwa kabad ya tarar babu komai, ya karanta takardar, ya kai layi na uku ya zauna yana kuka kamar yau ya fara ji. Na kasa jurewa, ranar Juma'a na sa almakashi na yanke layin. Washegari ya karanta layi biyun ya ce ƙarya ne, me zai sa ya ba da bindigar babansa haka kawai, tilasta masa aka yi ya rubuta. Ya sake jawo kujera ya tokare ƙofa. Sai da na nemo guntun a kwandon sharar waje na nuna masa ta taga, sannan ya buɗe, na liƙa shi inda yake. Da layin yana kuka amma yana barin a shigo a kula da shi. In babu layin ba ya kuka, amma ba zai kwana uku a gidansa ba. Na bar shi a manne.

Abin da nake roƙon ki ke nan, Inna. In ya karanta yakan ce a kira masa ke, wai ke ba kya rufa masa. In ya tambaye ki ko gaskiya ne, kada tausayi ya sa ki ce a'a. Ki ce gaskiya ne, shi ya bayar da kansa, kuma yarinya tana nan lafiya, za ta zo da yamma. Don in na zo yakan riƙe hannuna ya ce in yafe masa, ni kuma in ce na yafe, sai ya share ido ya ce to a ci gaba da labarin ragon nan. Jiya karo na tara ke nan ina yafe masa. Ban san sau nawa ya rage ba, amma duk ranar da ya tambaya yana cikin falonsa ne, don haka zan ci gaba da zuwa.

Ki gaishe mini da Baba Hollis, ki ce muna yi masa addu'ar samun sauƙin tari. Ki gaida Tamsin da Nolan, da maƙwabciyarki Misis Archuleta da ta aiko mini safar hannu. Mama tana gaishe ki, Kawu Curt ma ya ce a gaishe ki, ko da yake bai san me na rubuta ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki 'yar,
Linnea